Yatsu Huɗu Tsakanin Jak da Mota

Kafin kiran assalatu muka bar gari, ni da Jatau maharbi, a tsohuwar a-kori-kurata mai sababbin tayoyi. Tun rasuwar matata ba ni da aiki sai karatu, karatun kuma shi ya kai ni ga tayoyin nan. Na karanta cewa mai faɗi ba ta nutsewa a taɓo, doguwa kuma tana tsallake kututture. Na cire siraran, na sa manya masu haƙora, makaniki ya ƙara wa sifirin ƙarfe har motar ta ɗaga sama.

"Malam, wannan ai sai da tsani," in ji Jatau, yana miƙo mini bindigarsa ta toka kafin ya hau.

Gaskiyar littafi, mun ratsa fadamar da ke cinye motoci ba mu tsaya ba. Da hantsi Jatau ya ga sawun gwanki a laka, kofato a tsage, kashinsa da sauran ɗumi. Muka sauka, muka bi ta cikin gamba muna sunkuyo. A gindin wata kanya ya same shi. Bindiga ta yi ƙara, hayaƙi ya tashi, gwanki ya durƙusa. Jatau ya matsa da wuƙa zai yanka. Dabbar ta kaɗa kai sau ɗaya, ƙaho ya shige cinyarsa.

Na yage rigata na ɗaure sama da raunin, na ja shi zuwa bayan mota. Na tayar da mota, ban yi nisa ba wani ƙonannen kututture ya tsaga gefen tayar baya. Na ji iskar tana fita kamar hucin kasa.

Na fito da jak, na murza shi har ƙarshe. Saura yatsu huɗu ya taɓa mota. Jak ɗin na tsofaffin tayoyi ne, babu shafin da ya tuna mini da shi. Babu dutse a wannan daji. Na sa gungume a ƙarƙashinsa, ya nutse a laka. Na sa wani, ya mirgine. Ungulaye sun fara kewaya sama, ban sani ba ko don gwankin ne.

"Malam," Jatau ya kira, murya ƙasa-ƙasa, "me littafin ya ce?"

"Yi shiru ka adana numfashinka."

"Bar ɗaga ta. Tokare ta da icce, ka haƙe ƙasan tayar."

Na tokare, na durƙusa da addarsa ina sara, ina kwashe laka da hannu. Saiwoyi sun sarƙe wurin. Tafukana suka fashe. Jini yana ɗiga ta ramukan bodin mota kusa da kunnena, tun Jatau yana zagina har ya daina. Da tayar ta rataya a rami na cire ta, na ɗaura tsohuwar safaya, siririyar da na raina. Motar ta fita a karkace.

Bayan la'asar muka isa asibiti. Likita ya duba ɗaurin, ya dube ni, ya ce ɗaurin ya daɗe da yawa. Jatau ya rayu. Ƙafar ce suka yanke daga cinya.

Ranar da ya farfaɗo sosai ya tambaye ni awa nawa na yi ina haƙa. Na ce ɗaya.

Uku ne, na duba agogo.