Masuncin da Ba Ya Kawo Kifi Gida

An ɗaura auren Fauziyya Sani Yawuri da Ishaq Hamad ranar Juma'a, tara ga Janairun 2015, a wani ƙaramin masallaci da ke unguwar Abbasiya a Alƙahira, wata goma sha ɗaya bayan haɗuwarsu. Kafin ranar, gidan amarya sun ƙi shi har sau biyu. Wanta Ya'ƙub ne ya ba da ita, shi ne kuma wanda ya fi kowa daɗewa yana cewa a'a.

Fauziyya ɗaliba ce a Azhar, tana zaune a gidan Ya'ƙub, wanda ke karatun digiri na uku a fiƙihu. Mahaifinsu ya rasu. Ishaq kuwa Bahaushen Sudan ne, haifaffen Bur Sudan. Kakanninsa sun tashi daga Haɗeja za su hajji, ba su koma ba. Yana aiki da wani sansanin baƙi can kudu, a gabar Bahar Maliya. Shi ke tura kwale-kwale da gora a ruwan da bai wuce gwiwa ba, yana nuna wa baƙi inda za su jefa fatsa don ƙananan kifayen shak da wani kifi mai sheƙin azurfa da Turawa ke kira tafon. Idan aiki ya tsaya sai ya dawo Alƙahira, wajen ƙanwar babarsa a Dokki.

Sun haɗu a watan Fabrairun 2014, a lambun kifi na Zamalek. Fauziyya na tsaye da ƙawarta gaban wani busasshen shak da aka ajiye a gilashi.

"Wannan ai ya mutu tun ba a haife ni ba," in ji ta.

"Ya mutu, amma ba a kyauta masa ba," in ji wata murya daga bayansu, da Hausa mai karin Larabci. "A ruwa ya fi haka kyau."

Ta juyo ta ga dogon mutum, rana ta ƙona masa fuska ban da zagayen idanu, inda tabarau ke zama.

"Malam, ka taɓa ganinsa a ruwa?"

"Shekaranjiya na riƙe ƙaninsa da hannuna."

"To, Allah ya shirye ka."

Ya yi dariya. Bai nemi lambarta ba. Ta waliyyinta ya nema. Daga baya ta ce abin da ya sa ta sake kallonsa ke nan.

Ya'ƙub ya karɓe shi, ya tambaye shi asali da sana'a. Ishaq ya ce shi masunci ne, bai ƙara bayani ba. Aka ba su izinin gaisawa ta waya. Tana kiransa Rayyis, kamar yadda ake kiran mai jirgi a gabar teku. Shi yana kiranta Fauza.

A watan Mayu mahaifiyarsu, Hajiya Kulu, ta iso daga Yawuri don a yi mata aikin yanar ido. 'Yar masunta ce, a kwale-kwale ta yi wayo. Da ta ji sana'ar mai neman 'yarta sai ta ce a kawo mata shi.

Ishaq ya rubuto wa Fauziyya: "Fauza, me zan riƙo wa Hajja? Turare ko atamfa?"

Ta amsa: "Na tambaye ta. Ta ce masunci ba ya tambayar abin da zai kawo. Rayyis, kada ka ba ni kunya."

Ishaq bai taɓa fitar da kifi ko ɗaya daga wurin aikinsa ba. Ya je kasuwa ya zaɓi manya guda shida mafi kyau a teburin mai kifi, ya zuba musu ƙanƙara, ya hau tasi zuwa Abbasiya.

Hajiya Kulu na zaune a tabarma, ido ɗaya a ɗaure da bandeji. Ta sa hannu ta ɗauki kifi ɗaya, ta shafa bayansa, ta kai shi hanci.

"Ɗan nan, a ina ka kama wannan?"

"Daga wajenmu ne, Hajja."

"Wajenku na teku?"



"Karfasa ce," in ji ta. "Kifin ruwan daɗi. Ta kwana biyu a ƙanƙara. Idona aka ɗaure, ba hancina ba. In kai ba masunci ba ne, ka faɗi abin da kake."

Sai ya faɗi gaskiya. Ya ce duk kifin da baƙinsa suka kama, cire masa ƙugiya ake yi a mayar da shi ruwa. Ya ce ya ji nauyin ya zo hannu rabbana.

Gaskiyar ba ta gyara komai ba. Hajiya Kulu ta ce ba ta taɓa jin mai hankalin da Allah zai ba shi abinci ya mayar ba, kuma wanda ya yi mata ƙarya kan kifi shida zai yi wa 'yarta kan abin da ya fi haka. Ya'ƙub ya ajiye kofin shayinsa.

"Ya Ishaq, bari in fahimta. Kana huda bakin halittar Allah, ka ja ta har ta galabaita, ba don a ci ba, don wani ya ɗauki hoto?"

"Ustaz, ina goge ƙayar ƙugiya kafin a jefa. Ba na bari a fitar da su daga ruwa."

"Ban tambaye ka yadda kake sassautawa ba. Na tambaye ka don me."

Aka sallami Ishaq da kifinsa.

A makon Ya'ƙub ya tuna wa ƙanwarsa cewa abokin karatunsa Muslim, mahaddaci, ɗan gidan malamai, ya taɓa nuna yana so. Fauziyya ta ce ba ta ga aibun Muslim ba, amma ba ta so. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa wa wanta wayarta ta ce in ya hana, ta hanu. Ya ce ta aika saƙo ɗaya na sallama.

Ta rubuta: "Rayyis, ƙaryar ce ta fi yi min ciwo, ba aikin ba. Yaya ya ce mu dakata, kuma zan dakata. Ban ce na fasa ba. Ka kula da kanka a ruwa."

Ya amsa: "Ma'alish, yi haƙuri, Fauza. Tsoron rasa ki ne ya kai ni kasuwa. Ba zan sake ba. Ina nan inda kika bar ni."

Wata huɗu ba su yi magana ba. Fauziyya ta ci jarrabawarta, ta yi jinyar ido na biyu na mahaifiyarta, ta rame. Hajiya Kulu, da idanu biyu yanzu, ta lura.

A farkon Oktoba ta kira ɗanta. "Ka kai ni in ga wannan aikin banza da idona. In na gani sai in san abin da nake ƙi."

Sun kwana a motar bas, su biyu, suka isa sansanin da hantsi. Washegari bayan sallar asuba Ishaq ya ɗauke su a kwale-kwale. Ya tsaya a baya da gora, yana turawa ba ƙara. Ruwan garai-garai ne, ana ganin yashi. Ya'ƙub ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu. Hajiya Kulu ta zauna daram, tana kallon ƙafafun Ishaq da yadda yake dasa gorar.

"Shak biyu, dama, taku ashirin," in ji Ishaq a hankali.

"Ina?" in ji Ya'ƙub.

"Kai dai riƙe jirginka, Malam," in ji uwarsa. "Ga inuwarsu can."

Suka wuce su. A bakin wasu itatuwa da suka tsiro cikin ruwa, Ishaq ya tsayar da jirgi ya miƙa mata sandar fatsa. Ta ture sandar, ta warware igiyar, ta naɗe ta a hannu yadda ta saba. Jifa na uku kifi ya kama. Ya yi tsalle sama yana walƙiya, ya faɗa, ya sake tashi. Tsohuwar ta yi wata dariya da ɗanta ya ce rabon da ya ji ta tun babansu na da rai. Ta saki, ta ja, ta saki, har ta kawo shi gefen jirgi. Tafon ne, tsawon hannu.

Ishaq ya sauka cikin ruwa ya tallafo shi.

"Ɗora min shi," in ji ta. "Yau Ya'ƙub zai sha romo."

"Hajja, ƙaya ce da shi."

"Ni za ka gaya wa ƙaya? Ɗoro."

Ishaq bai motsa ba. "Ba zan iya ba, Hajja. Dattawan masuntan nan sun bar mu mu shiga wannan ruwa bisa sharaɗin ba za mu fitar da komai ba. Nan ne kifinsu ke hayayyafa. Hannuna na sa a nasu."

"Suna ina yanzu? Wa ke ganinmu?"

"Ba kowa."

"Ni na kama shi. Shekara ashirin rabon da in ja kifi. Ka san abin da na zo yi nan, ka kuma san 'yar wa kake nema."

"Na sani, Hajja."

Ya zare ƙugiyar. Ya juya kan kifin wajen da ruwa ke tahowa, ya riƙe shi a hankali, hannu ɗaya a ƙarƙashin ciki. Ya'ƙub ya duba agogo; ya ce minti bakwai aka yi a haka. Sai kifin ya kaɗa wutsiya ya tafi.

"Mayar da ni tudu," in ji Hajiya Kulu.

Ba ta ci abincin sansanin ba. Ba ta amsa sallamarsa a tashar mota ba. Daga can Ishaq ya karya dokar shirun, ya aika saƙo ɗaya: "Fauza, na ɓata. Hajja ta nemi abu na hana ta. Ki yafe min. In an ba ki wani, ba zan ga laifinki ba."

Kwana uku Hajiya Kulu ba ta ta da maganar ba. A na huɗu, bayan la'asar, ta tara 'ya'yanta a falo.

"Har yanzu haushinsa nake ji," in ji ta. "Kifin nan nawa ne. Amma wancan karon ya yi min ƙarya don in ba shi ke. Wannan karon kifi ɗaya zai ɗora a jirgi in ba shi ke, ba mai gani, ya ƙi. Fauziyya, in ya yi miki alkawari, zai riƙe. Ni na yarda."

Fauziyya ta sunkuyar da kai. "Na gode, Inna."

"Ni ban yarda ba," in ji Ya'ƙub. "Inna, amanarsa kika gani, ni ma na gani. Tambayata kan aikin ce, kuma tana nan."

Wannan shi ne ƙi na biyu, ya kuma ɗauki wata biyu. Ya'ƙub ya rubuta mas'alar a shafi huɗu, har da gogaggiyar ƙugiya da minti bakwai ɗin, ya kai wa malamansa uku. Na farko ya ce makaruhi ne, a bari ya fi. Na biyu ya ce jagorancin baƙi sana'a ce, kuma mutum irin wannan a ruwa ya fi wanda zai maye gurbinsa. Na uku, Shehin da Ya'ƙub ya fi dogara da shi, ya karɓi takardar ya ce zai duba.

A Disamba Ishaq ya zo gidan da kansa, ba ya ɗauke da komai.

"Ustaz, duk abin da Shehin ya ce, na bi. In ya ce haram, na ajiye gora."

"Ka iya wani aiki?"

"A'a. Zan koya."

Ya'ƙub ya dubi ƙofar ɗakin da ƙanwarsa take. "Fauziyya, kin ji. Zai yiwu ki auri mutumin da ba shi da sana'a."

"Na ji, Yaya," ta amsa daga ciki. "Tamam, na yarda."

A nan Ya'ƙub ya amince, aka sa rana. Ranar ɗaurin aure ɗaliban Najeriya da Hausawan Sudan suka cika masallacin har waje. Muslim ne ya karanta Alƙur'ani. A gida, Hajiya Kulu ta kama hannun 'yarta ta ɗora a na Ishaq.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka. Allah ya sa ka riƙe ta yadda ka riƙe maganarka. Kai kuma, ban yafe kifina ba."

"Amin, Hajja," in ji shi.

Da aka watse, Fauziyya ta ɗago mayafi kaɗan.

"Rayyis, in Shehin ya ce haram fa?"

"Sai ki koya min karatu, Fauza."

"Kai da ba ka iya zama wuri ɗaya?"

"Ina tsayawa awa shida a bayan jirgi ba motsi. Gwada ni."

Sun tare a wani ɗaki biyu a Dokki. Baƙin sansanin za su fara isowa a farkon Maris, kuma sunan Ishaq na cikin jerin masu jagora. Har zuwa ƙarshen Fabrairu, Shehin na uku bai maido da takardar ba.