Tabon Bayan Kunne

Biron na hannunta, amma yatsunta sun ƙi rufewa a kansa.

Tun safe take zaune kan bencin ƙarfe a ƙofar ɗakin ajiye gawa, ita kaɗai, akwatin kayan aikin mijinta a cinyarta. Jiya da la'asar ya yanke jiki ya faɗi a shagon waldarsa, ko sallama bai yi mata ba.

Shekara shida babu wanda ya leƙo su daga danginsa, tun da ya aure ta ba da son ransu ba. Yau ga su, mota cike.

Yayansa ya riga ta shiga ofis. Ya gaya wa ma'aikacin cewa su ba su san da wani aure ba, labarin wata mata dai suke ji. A ba su ƙaninsu su kai shi garinsu, tafiyar yini guda, ya kwanta kusa da mahaifinsa. Ma'aikacin ya gyara tabarau, ya ce a doka matar aure ce a gaba, in dai da shaida.

Sai ta buɗe akwatin.

Can ƙarƙashin sifanu takardar aurensu take, naɗe a leda, gefenta duk baƙin mai. Ya sha faɗa yana dariya, wai nan kaɗai ne Gajeriyarsa ba za ta yi shara ta ɓatar da ita ba.

Saura ƙa'ida ɗaya, in ji ma'aikacin: mai karɓar gawa sai ya faɗi wata alama ta jiki. Yaya ya dubi silin, ya dubi takalminsa. Ita kuwa ta ce akwai tabo a bayan kunnen hagu, wanda ya samu garin faɗa da 'yan fashi.

"'Yan fashi?"

Mahaifiyarsa ce a bakin ƙofa, dogare da sanda.

"Zakara ne ya biyo shi, ya faɗa kan bokiti. Yana da shekara huɗu."

Dariya ta kuɓuce wa matar, kafin ta ankara ta koma kuka. Maƙaryacinta... abin ƙaunarta...

Daga tagar ɗakinsu ana hango maƙabarta. Nan ta so a sa shi, ta riƙa buɗe tagar tana yi masa barka da asuba. Abin da ya rage mata kenan a duniya, kuma ga doka ta danƙa mata.

Ta sake duban tsohuwar. Ƙafafun sun kumbura suntum. Wannan tafiyar ba za su ƙara yin ta ba.

Yatsunta suka rufe kan biron. Ta sa hannu a takardar karɓar gawa, a layin wurin binnewa ta rubuta garinsu.

"Mama, na ba ki shi. Amma ni zan zauna kusa da shi a motar."

Yaya ya buɗe baki, tsohuwa ta ɗaga masa sanda, ya mayar ya rufe.

"Taho, 'yata. Hanya da nisa. Ki ba ni labarin shekara shidan nan, ni kuma in ba ki na talatin."

Da aka sa gawar, matar ta shiga bayan motar, ta ɗora tafinta kan farin zanen, daidai bayan kunnen hagu. Da suka biyo ta layinsu ta hango tagar a buɗe, yadda ta bar ta jiya.

Ba ta ce a tsaya ba.