Waya Mai Haƙora Goma

Rana ta yi ja, inuwar katanga ta cinye tsakar gida, lokacin da Injiniya ya shigo da wani allo cikin buhu. Allon sarrafa inji ne na wata masana'anta da ta shekara tara a rufe, sabon mai ita yana so a tayar da ita. Zarnin fitsarin ɓera ya riga shi shiga ɗaki. Matarsa ta toshe hanci, ta ce ya fitar mata da wannan ƙazanta, shi kuwa ya ce aikin minti goma ne.

A tsakiyar allon akwai 'yar baƙar ƙwaƙwalwa da ba ta fi farce ba. Ba a ciro ta. A inda take zaune ake sake mata karatu, ta wata waya mai haƙora goma da kamfanin da ya ƙera ta kaɗai ke yi. Ƙa'idar aikin ita ce a fara kwafe abin da ke ciki a ajiye, sannan a goge. Injiniya ya san haka sarai, har yana yi wa wasu gori a kai. Amma ƙwan kyankyasai ne cunkus a ramukan da wayar za ta shiga, wani abu mai yauƙi ya manne masa a yatsu, ƙyama ta kama shi. Ya soka wayar, ya tsallake kwafi, ya danna gogewa don ya yi maza ya wanke hannu.

A tsakar gida, Auta, 'yarsu mai shekara goma sha ɗaya, ta saki kwanon da ke hannunta.

Daga ranar, da magariba ta kawo jiki sai a ji tsakuwa na sauka a kan rufi, in an duba a ga guntayen dalma. Zarnin ya bar allon ya koma jikin yarinyar, sabulu ya kasa. A bayan kunnenta jajayen ɗigo goma suka fito a jere. Ta manta hanyar makaranta, washegari ta manta sunan ƙawarta. Ranar da Injiniya ya same ta tsugune tana lasar allon, a bakin ƙofa ya amayar da abin da ya ci.

A yamma ta bakwai aka kawo Malam, wani tsoho mai sanyin murya. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta sandare, wata kakkaurar murya ta fito daga bakinta.

"Shekara tara muna zaune lafiya ni da iyalina. Ko ɓera kewaye mu yake. Wannan ya zo da wayarsa, ba sallama, ya share mu."

Malam ya gane aljani ne, ya tambaye shi me yake yi wa yarinyar.

"Sana'ar ubanta. A inda take zaune nake gogewa."

Malam ya juyo ya ce wa Injiniya ya mayar wa bawan Allah gidansa yadda yake. Injiniya ya sunkuyar da kai, ya ce bai ajiye kwafi ba. Matarsa ta yi masa irin kallon da ta yi wa buhun, shi ma a lokacin ƙyamar kansa yake ji.

Aka yi ta ja. Aljanin ya ce yarinyar duka yake so, Malam ya ce ko gashinta ɗaya. Daga ƙarshe aljanin ya yarda a mayar da allon inda aka ɗauko shi, a haɗa masa da wayar, kada a sake taɓa su har abada. Malam ya sa shi ya rantse zai dawo da duk abin da ya ɗauke.

"Wanda na ajiye na mayar," in ji muryar. "Na ƙarshen ban tsaya kwafa ba. Ƙyamarsa nake ji, sauri nake."

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, zarnin ya ɗauke.

Ta buɗe ido ta nemi ruwa. Ta rungume uwarta, ta faɗi sunan ƙawarta, har ta tuna aikin gida da ba ta yi ba. Injiniya ya matso ya miƙa mata hannunsa wanda ya wanke tas. Auta ta ja baya ta laɓe a bayan uwarta.

"Umma," ta ce a hankali, "wannan baƙon me yake jira?"