Dattijon da Ya Sayi Tikitin Dambe

"An fasa! Baba ya ce an fasa auren!"

Da wannan na tari Isyaku a ƙofar gidanmu, ko sallamarsa ban amsa ba. Ya tsaya riƙe da kekensa, baki buɗe.

"An fasa me? Safara'u, don Allah kar ki yi min irin wannan wasan..."

"Ka ga alamar wasa a fuskata?"

Wallahi ni kaina ban gane komai ba. Ranar Juma'a da safe Baba da bakinsa yake ce wa Inna Isyaku, yaron nan na garin Darki, akwai ladabi. Da yamma ya dawo fuska a murtuke, ya ce a mayar musu da kayansu. Inna ta yi tambayar duniya, ya ce shi ya gama magana.

"To me na yi masa?" in ji Isyaku. "Ni da ko haɗa ido ban taɓa yi da shi ba! In na hango shi sauya hanya nake, in gaisuwa ta kama kaina yana ƙasa har ya wuce."

Nan kam yana da gaskiya. Kunyar surukai irin ta Isyaku har dariya take ba ƙawayena.

"Ina ka je ran Juma'a?"

"Filin dambe mana, bayan kasuwar shanu. Ai albishir ɗin da na zo miki da shi ke nan, abar ƙaunata. An kewaye filin da zana, ba shiga sai da tikiti. Da sassafe na saye da yawa a kan sisi sisi, da jama'a suka yi cincirindo na saki a sule sule. Kuɗin lefenki ya haɗu!"

"Abin sisi ka sayar sule?"

"Haka ake yi a birni! Har wani dattijo ya zo a makare, ya rufe fuska da rawani, idanunsa kawai ake gani. Guda ɗaya ya rage, na ce sule biyu. Ya yi ta roƙo ƙasa-ƙasa, wai ɗansa ne zai yi wasa. Na ce, Baba, kowa ma haka yake cewa. Sai da ya je ya sayar da takalmansa ya dawo."

Ranar ƙafa ba takalmi Baba ya shigo gida, Inna har tana tsine wa ɓarayin masallaci.

Ina da wa guda ɗaya, Yaya Haladu. Shekaru ke nan da ya bi 'yan dambe, tun daga ranar Baba ya hana a ambaci sunansa a gidan.

"Isyaku..." na ce da ƙyar. "Baba ne."

"Wane Baban?"

"Nawa!"

Keken ya suɓuce masa ya faɗi. Shi ma ya zube a ƙasa, ya ɗora hannu a ka, sai innalillahi yake maimaitawa.

Na bar shi nan na shiga wajen Baba, na durƙusa nesa da shi. Ban san inda na samo ƙarfin halin ba.

"Baba... ka ga Yaya Haladu?"

Ya juya ya fuskanci bango. Na ɗauka korata zai yi.

"Kafin in dawo da kuɗin an gama wasansa," ya ce a hankali. "Motarsu tana tashi na hango ƙeyarsa. Ƙeyarsa kawai, Safara'u." Ya share ido da bakin rawani. "Yaron da ya yi min haka kike so in ba wa ke?"

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar. Na ji haushin Isyaku kamar in mutu, kuma ina son sa kamar in mutu, na rasa wanne zan bi.

Da na fito, ba shi ba kekensa. Na ce shi ke nan, ya gudu. Kwanakin da suka biyo baya ko tuwo ba ya wuce min.

Wata safiya ina shara na ji sallama a zaure, murya biyu. Na leƙa ta jikin ƙyaure. Isyaku ne, ya yi butu-butu da ƙura, ya rame. Ashe gari-gari ya yi ta bin 'yan damben har ya cim musu. A bayansa ga wani ƙato, hanci a karkace.

"Baba..." in ji Yaya Haladu, ya zube.

Baba ya sunkuya. Ya kama kan Yaya Haladu da hannu biyu ya riƙe, ya daɗe bai saki ba. Can ya juya ga Isyaku, wanda ya dunƙule a bakin ƙofa.

"Kai, ɗago ka dube ni da kyau, saboda gaba."

Isyaku ya ɗago da ƙyar.

"To, wannan da ka kawo min... nawa za ka sayar min da shi?"

"Baba, ka yafe min!" Kuka ya ƙwace masa.

"Tashi. Je ka ce wa magabatanka su dawo da kayansu."

Ni kuwa ina bayan ƙyaure riƙe da tsintsiya, ina kuka ina dariya, har Inna ta fito tana tambayata ko lafiya.