Shirun Rasaki da Magungunan Alhaja

Modinat tana tuƙa amala, tuwon garin doya, a kicin ta ji sallamar surukarta tun daga bakin get, irin sallamar da ba ta jiran amsa. Alhaja Sikira ta shigo falo da jarka a hannu, gwaggwaronta har yana gogar saman ƙofa. Modinat ta fito da sauri ta durƙusa ta gaishe ta. Alhaja ta amsa da gefen baki, ta tambayi ina ɗanta yake.

Yana ɗaki, inda ya wuni jiya da shekaranjiya.

Duk wanda ya san Rasaki, mijin Modinat, ba zai yarda ba. Daga Molete har Bodija, bikin da ya amsa sunansa a Ibadan sai ka same shi riƙe da lasifika, domin shi ne mai sanarwa. Yakan tsokani uwar amarya har ta yi dariya ta ɓata kwalliyarta. Da wannan bakin ma ya samu Modinat. Ta je rabon abinci a wani biki, sai ya sanar wa jama'a cewa zuciyar wani bawan Allah ta faɗa cikin kular shinkafa, mai kular ta taimaka ta dawo da ita. Ba a rufa shekara ba aka ɗaura musu aure.

To, wannan mutumin ne ya yi shiru. Ba mutuwa aka yi masa ba, ba asara ya yi ba. A hankali abin ya zo. Ya fara ƙin ɗaga waya, barci ya guje shi, abinci ya zama kamar dusa a bakinsa. Daga baya ko wanka sai Modinat ta yi ta lallashi. In ta tambaye shi me ke damunsa, sai ya ce shi ma bai sani ba, kawai ji yake kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji.

Alhaja kuwa ta riga ta gano ciwon tun daga gida: abokan sana'a ne suka ɗaure masa baki don hassada. Abin da ke cikin jarkar tsimi ne na saiwoyi da ɓawon itace, wanda wata ƙawarta a kasuwar Oje ta rantse yana kwance kowane irin ƙulli. Ta tsaya a kansa sai da ya shanye kofi biyu. Ranar dai Rasaki ya yi tafiya fiye da yadda ya yi a wata guda, amma duk tsakanin gado da banɗaki. Alhaja ta zauna a falo tana gyaɗa kai, tana cewa ciwon ne ke fita.

Da labari ya kai kunnen Anti Bimpe, ƙanwar marigayi mahaifinsa, wadda take zuwa cocin masu fararen kaya, sai ga ta da ƙararrawa da robar ruwan addu'a. Ta yayyafa wa Rasaki, ta yayyafa wa katifa, har talabijin sai da ta samu rabonta, tun daga ranar ba ta ƙara kawo hoto ba. Alhaja ta ce ba za a fi ta ba, ta ɗauko wani malami daga unguwarsu. Malamin ya yi addu'a mai kyau, ya zauna ya dubi Rasaki sosai, sannan ya ba da shawara a haɗa da asibiti, don addu'a ba ta hana neman magani. Yana fita Alhaja ta ce yaro ne, gemunsa ma bai gama cika ba.

Da magunguna suka ƙi ci, sai ido ya koma kan Modinat. Alhaja ta fara tambaya cikin habaici wai me ake zuba wa ɗanta a miyar ewedu, tunda kafin aure lafiyarsa ƙalau. Modinat ta shiga kicin ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta fito ta ci gaba da aiki.

Nata dangin ma ba su bar ta ba. Wata ranar Lahadi yayanta, Boda Wasiu, mai sayar da kayan gyaran mota, ya faka a-kori-kura a ƙofar gida, ya ce ta fito da kayanta. Ya ji a gari ana cewa mijinta ya taɓu, su kuwa a zuriyarsu ba a taɓa yin mahaukaci ba, ba kuma za a fara daga 'ya'yanta ba. Alhaja tana nan. Jin kalmar hauka ta cire gwaggwaro ta ɗaure a ƙugu. Suka yi ta tone-tonen asali har kan kakanni, maƙwabta suka cika taga, mai sayar da burodi ma ya sauke tirensa ya tsaya.

Modinat ta zame ta shiga ɗaki. Rasaki yana zaune a bakin gado, duk ya ji.

“Ki bi yayanki, Modina,” ya ce, muryarsa can ƙasa. “Gaskiyarsa ce. Na zame miki kaya. Wani lokacin ina ganin da babu ni a duniyar, da kowa ya huta.”

Ta durƙusa ta riƙe hannayensa.

“A gaban mutane ka ce in dawo maka da zuciyarka, na ce ba zan bayar ba. Har yanzu ba zan bayar ba. Tashi ka sa riga.”

Ta fito ta shaida wa Boda Wasiu cikin ladabi cewa ko cokali ba za a ɗauka daga gidan nan ba. Ta kuma ce wa Alhaja haƙori ne ya matsa wa Rasaki, za su je a duba. Suka tari tasi sai babban asibiti.

Likitar da ta gan su, Dakta Ogunbiyi, ba ta yi gaggawa ba. Ta tambaye shi barcinsa da cin abincinsa, ta tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa shirya cutar da kansa, ta sa aka duba jininsa don kada wani ciwon ne ya ɓuya. Sannan ta ce sunan abin ciwon damuwa, wanda yara ke kira difireshan, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba, kuma yana jin magani. Akwai ƙwayar da ake sha kullum, sai dai ba ta aiki kamar maganin ciwon kai, sai an yi makonni kafin a ga canji, in kuma ba ta karɓe shi ba a sauya wata. Akwai zama da mai ba da shawara, wanda zai koya masa yadda zai kama mugun tunani kafin ya kama shi. Ta ce a irin halin da yake ciki gara a haɗa biyun, ya kuma riƙa ɗan tattaki da safe, kada a bar shi shi kaɗai, in maganar mutuwa ta dawo a kawo shi nan take. In abin ya yi tsanani ana kwantarwa, har akwai wani magani da ake yi da 'yar wutar lantarki bayan an sa mutum barci.

Rasaki ya ɗago kai a hankali.

“Da wuta, Dakta? A garin nan? Ai sai in warke da kaina kafin a kawo.”

Likita ta yi dariya. Modinat ta fara dariya ita ma, sai ta ƙare da kuka, don rabonta da jin tsokana daga bakinsa har ta manta.

Farkon shan ƙwayar bai yi daɗi ba. Ga tashin zuciya, ga hamma ba ƙaƙƙautawa, sauƙi kuwa shiru. Kullum da safe Modinat takan ja shi su zaga unguwa, yana tafe yana jan ƙafa kamar wanda za a kai kotu. Sau da yawa ya ce a haƙura, ita kuma takan ce to, gobe a haƙura, yau dai a sha.

Alhaja ta fara lura cewa haƙorin nan ya cika zuwa asibiti. Ta sa Rasaki ya buɗe baki ta leƙa, ta ga komai fari tas a jere. Ranar zuwansu ta gaba ta hau acaɓa ta bi bayan tasinsu. Da ta ga sashen lafiyar ƙwaƙwalwa suka shiga sai ta dafe ƙirji, ta ture mai gadi, ta banka ƙofar ofishin da ɗanta yake zaune da mai ba da shawara, wani siririn mutum mai suna Mista Adeyanju. Ta sauke masa kwandon faɗa: wai hira ce magani? In hira ce, ita da ta haife shi ta fi kowa iyawa, kuma kyauta take yi.

Mista Adeyanju ya tura mata kujera, ya nemi izinin Rasaki ta zauna, ya ce da alama ta sha wahala a kan yaron nan. Alhaja ta ce wahala ma ai ba a magana. Ya ce sai me ya faru, Mama? Shi ke nan. Ta faro daga naƙudar Rasaki, ta bi ta kan rasuwar mijinta, da yadda ta yi ta sayar da atamfa a rana don ya yi karatu, da tsoron da take kwana da shi kada a ce ɗanta ɗaya tilo ya lalace. Har lokaci ya ƙare Rasaki bai ce uffan ba. Ta fito tana share ido da gefen mayafi, ta ce wa Modinat mutumin yana da tarbiyya, amma ba ya aikin komai, zama kawai yake yana cin albashi.

Sannu a hankali sauƙi ya fara leƙowa. Rasaki ya nemi ƙarin amala. Ya yi aski. Wata rana Modinat ta ji shi a banɗaki yana kwaikwayon ƙararrawar Anti Bimpe da baki. Nan fa gardama ta tashi tsakanin Alhaja da Anti a kan wace ce ta warkar da shi, ba wadda ta ambaci likita.

A nan Alhaja ta yi ɓarna. Ta ja ɗanta gefe ta ce tunda ya warke me zai yi da ƙwaya, kada wani ya gani ya yaɗa cewa maganin mahaukata yake sha. Rasaki, da shi ma abin yana masa nauyi, ya miƙa mata kwalin. Kullum sai ya ce wa Modinat ya riga ya sha. Ba a jima ba jiri ya fara ɗibarsa, ransa ya riƙa ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga nan ya sake ƙulewa a ɗaki, waya ta koma a kashe.

Da Modinat ta gano, ba ta jira kowa ba. Ta tafi gidan Alhaja, ta zube a gabanta gwiwa biyu.

“Mama, kin ce na zuba masa abu a miya, na yi shiru. Yayana ya zo da mota, na kunyata shi saboda ɗanki. Amma akwai abin da ban faɗa miki ba. Ranar nan da kuke faɗa a falo, Rasaki ya ce mini da babu shi a duniya da kowa ya huta. Ki zaɓa, Mama: maganar mutane ko ransa.”

Alhaja ta tashi ta buɗe wata tsohuwar kula da ke kan kabad, ta fito da kwalin maganin. Ta ɗago Modinat ta rungume ta, ta ce, “'Yata, ki yafe mini.” Shi ne karo na farko da ta kira ta haka.

Washegari su uku suka koma asibiti. Dakta Ogunbiyi ta yi bayani cewa ba a yanke wannan magani lokaci guda, ana ci gaba da sha watanni bayan an ji sauƙi, in lokacin dainawa ya yi likita ne zai riƙa ragewa kaɗan kaɗan. Don ta kawo misali, ta tambayi Alhaja ko tana shan maganin hawan jini. Alhaja ta ce ƙwarai. Likita ta ce to ai ita ma ba ta daina nata don ta ji sauƙi ba, ko? Alhaja ta ɗaga kai tana kallon fanka. Aka ɗaura mata abin awo, aka ga jinin ya yi sama, ranar dai da leda biyu ta magani suka koma gida.

Wannan karon sauƙin ya ɗauki lokaci, sai da aka gyara yawan maganin. Amma ya zo, ya kuma zauna. Rasaki ya koma kan lasifika, ba kowace Asabar ba kamar da, sai wadda ya ga zai iya. Akwai ranakun da gajimaren damuwar ke dawowa, sai dai yanzu ya san sunansa, yakan kuma faɗa wa matarsa tun bai yi duhu ba. Boda Wasiu ya zo da kansa ya ba da haƙuri, yana sosa ƙeya. Shekara na zagayowa Modinat ta haifi 'ya mace.

Alhaja kuwa ta zama babbar likita a layin 'yan atamfa. Duk wanda ta ga ya yi tagumi sai ta zaunar da shi ta ce ya faɗa mata damuwarsa, kafin ya buɗe baki ta ba shi labarin tata, sannan ta kwatanta masa hanyar asibiti. Har wani dattijo ta tasa a gaba sai ya je, daga baya aka gane azumi yake yi. Amma a cikin waɗanda ta tura akwai wata mai jego da ta dawo ta durƙusa tana mata godiya da hawaye.

Ciwon damuwa ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da likita, yana da magani, ɓoye shi don kunyar mutane kuwa yana iya cin rai. A yi addu'a, a je asibiti, a kuma bar magani ya gama aikinsa. Haƙurin da Modinat ta yi ba na naɗe hannu ba ne. Ta jure zargi daga gida biyu, ta tashi ta nemi mafita, Allah kuma ya dawo mata da mijinta, har da bakinsa.