Gumin Randar Kaka

A can wani ƙauye, wata yarinya tana zuba ruwa ta buge randar kakarta da guga. Sai ta ga jikin randar ya jiƙe. Ta goge, ya sake jiƙewa. Ta goge, ya sake jiƙewa. Ta so ta ɓoye, amma ta daure ta je.

"Kaka, na fasa miki randa, tana yoyo."

Tsohuwar ta ɗiga mata ruwa a hannu, ta hura. Wurin ya yi sanyi.

"Kin ji? Ruwan da ya bi iska ya tafi da zafin jikinki. Haka gumin randa ke sanyaya ruwan cikinta."

Yarinyar ta ɗebo da moɗa ta kurɓa, sanyin har haƙoranta. Ta daɗe tana kallon randar, ba ta ƙara goge ta ba.