Baƙin Abu a Bayan Gadon Etim

A Kalaba, idan damina ta kankama, sai a yi mako ba a ga rana ba. Ranar da ta leƙo kuwa, kowane gida sai ya fito da katifu da takalma a shanya.

Wata yarinya ta dawo daga makaranta a jiƙe sharkaf, don ta tsaya wasa cikin ruwa. Ta san Mama ba ta ɗaukar wannan. Sai ta dunƙule jiƙaƙƙiyar rigarta ta makaranta, ta cusa bayan gadon ƙanenta Etim, ta tura gadon ya manne da bango. Da yake tana da wata rigar, ta manta da zancen.

Bayan mako biyu ɗakin ya fara wari. Etim mai ciwon asma ne. Ya kama tari, ƙirjinsa na ƙara kamar usur. Yarinyar ta tsorata ƙwarai.

Ranar Asabar rana ta fito. Mama ta ce, "Maza, fito da katifar Etim."

Yarinyar ta ja gadon, ta leƙa bayansa. Wani baƙin abu mai gashi-gashi ya bazu a bango, ya cinye rigar. Ta ƙwalla ihu.

"Mama! Dodo a bango! Shi ke shaƙe Etim!"

Mama ta rugo, ta duba. "Dodon me? Fumfuna ce. Danshi ke kawo ta. Wa ya sa riga a nan?"

"Ni ce," in ji yarinyar. "Mama, Etim zai mutu?"

"Rufe mana baki! Ba zai mutu ba. Amma wannan yake shaƙa kullum."

Baba ya kai Etim asibiti. Mama da yarinyar suka ɗaure hanci da ƙyalle, suka buɗe tagogi. Suka goge bangon da sabulu da ruwan kal mai kashe ƙwayoyin cuta, suka shanya katifa. Rigar kam sai bola. Mama ta ajiye kwanon gawayi a lungu don ya tsotse danshi, ta janye gadon daga bango.

Bayan kwana uku Etim ya daina tari. Ya dubi yayarsa ya ce, "Yaya, ina dodon naki?"

Ta yi dariya har da hawaye. Tun daga ranar ta gane cewa jiƙaƙƙen kaya shanya shi ake yi, laifi kuma faɗinsa ake yi tun bai cuci wani ba.